Ɗan Daba Mai Lasin Da Uban Da Ya Tsaya Masa

Sana'ata fim ce, ko da yake ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Da hayar kaset na fara a wani ɗan shago a Fagge, zamani ya juya na koma faifai, ya sake juyawa na sayi kwamfuta na shiga tura wa mutane fina-finai a waya. Da wannan sana'a na yi aure, da ita na ciyar da iyali, da ita kuma aka yi mini gori lokacin da ɗana na fari ya shiga wani hali. Zan zo kan wannan. Sai dai labarin nawa ba zai tafi daidai ba sai na fara da mutumin da ya fi kowa kawo mini ciniki a zamanin da nake tashe, wato Sanjay Dutt, wanda mu a Kano muke ce wa Ɗan Daba Mai Lasin.

Mu 'yan Fagge a bakin ƙofa muka tashi muka tarar da silima. Ga Plaza, ga Wapa, in ka ɗan taka ga Orion a Ƙofar Wambai, ga Eldorado a Sabon Gari. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, tela ne, kuma ba ya son a ce an gan shi a layin tikiti. Fim ɗaya tak ya yarda a gabanmu cewa ya kalla, shi ne Mother India na 1957. Yana taka keken ɗinki yana ba mu labarin matar da bashin mai ba da rance da ruwa ya cinye mata gona, ta ja garma da wuyanta ta raini 'ya'yanta, daga ƙarshe ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta na cikinta saboda ya sato 'yar mutane ranar bikinta. In ya zo nan sai ya tsayar da keken ya dube mu, ya ce, "Kun ji uwa." Mu dai mun san da mu yake.

Abin da Baba bai sani ba har ya koma ga Mahaliccinsa shi ne, wannan uwa da wannan fitinannen ɗa mata da miji suka zama a zahiri. Ita ce Nargis, sunanta na yanka Fatima Rashid, 'yar Jaddanbai wadda ita ma mawaƙiya ce mai shirya fim. Shi kuma Sunil Dutt, mabiyin addinin Hindu, wanda danginsa suka baro yankin da ya zama Pakistan lokacin raba ƙasa a 1947. Ana cikin ɗaukar fim ɗin gobara ta ƙwace, wuta ta zagaye Nargis, ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Ta yi jinyarsa, a 1958 suka yi aure, ranar 29 ga Yuli 1959 aka haifi Sanjay. Kenan kaka 'yar fim, uwa 'yar fim, uba ɗan fim. Yana ɗan shekara goma sha biyu ma ya leƙa cikin wani fim na ubansa a matsayin yaro mai waƙa.

Wanda ya ji haka sai ya ce ai wannan an gama masa komai. Ni ma da haka nake gani. Amma tun yana saurayi ya faɗa shaye-shaye, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa a hirarraki cewa da wuya a ambaci ƙwayar da bai taɓa ba. Ana cikin haka ciwon daji ya kama uwar, aka kai ta New York aka dawo da ita, ta rasu ranar 3 ga Mayu 1981, saura 'yan kwanaki a fara nuna Rocky, fim ɗinsa na farko a matsayin jarumi, wanda ubansa ne ya ba da umarninsa. Ranar buɗe fim ɗin kujera guda aka bari ba kowa a kanta, tata ce. Yaro ɗan shekara ashirin da ɗaya, duniya na tafa masa, shi kuwa bai ma san inda kansa yake ba. Uban ne ya ɗauke shi ya kai shi Amurka gidan gyaran masu shaye-shaye. Da ya dawo masu shirya fim suna ɗari-ɗari da shi, sai a 1986 fim ɗin Naam ya mai da shi cikin sahu.

Ni lokacin da na buɗe shago ya yi daidai da ganiyarsa. A 1991 ya fito a Saajan, inda ya zama gurgu mai rubuta waƙoƙi, wannan matan aure ne ke aiko yara da 'yar takarda a karɓar musu. A shekarar dai ya yi Sadak. Sai Khalnayak a 1993, wanda ya hana ni zama. Kaset ɗin ba ya kwana a shago. Yana dawowa zan jefa shi cikin 'yar na'urar mayar da zare, kafin ta gama wani yana tsaye da kuɗinsa. In zaren ya tsinke na kwance kusoshin da ƙaramin sukundireba, na yanke inda bidiyon wani ya tauna, na haɗa da salatif, duk wanda ya karɓa bayan nan zai ga hoto ya yi tsalle a daidai wurin, ba kuma mai dawowa ya yi ƙorafi. Samarin unguwa suka tara gashi a ƙeya, suka koyi tafiyarsa ta sassauta kafaɗa ɗaya da lumshe ido. Har masu aski sun san me ake nufi in yaro ya zauna ya ce a bar masa baya.

Muna nan muna yi masa kirari, ashe mutumin yana hannu da gaske. Labarin a gutsure ya riƙa iso mana, sai daga baya na haɗa shi daga tsofaffin mujallun Indiya irin su Stardust da nake saye don na yanki hotuna na manna a bango. Ranar 6 ga Disamba 1992 masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka rushe masallacin Babri, rikici ya ɓarke a Bombay har cikin Janairu, aka kashe ɗaruruwan mutane, akasarinsu Musulmi. Sunil Dutt, wanda a lokacin ɗan majalisar tarayya ne, ya shiga unguwannin da aka ƙona yana kai agaji, abin da ya jawo wa gidansa barazana. Ranar 12 ga Maris 1993 jerin bama-bamai suka tashi a birnin, mutum 257 suka mutu. Da bincike ya yi nisa aka gano cewa wasu daga cikin masu hannu a harin sun kai wa Sanjay bindiga ƙirar AK-56 gida. A watan Afrilu yana sauka daga jirgi, dawowarsa daga ɗaukar fim a tsibirin Morishus, 'yan sanda suka yi gaba da shi, aka tuhume shi ƙarƙashin dokar ta'addanci.

Shi ya ce don kare iyalinsa ya karɓi bindigar. Ni ban wanke shi ba, ba kuma zan wanke shi ba. Mai kuɗi da suna kamarsa yana da hanyoyi da yawa na neman tsaro da ba sai ya buɗe wa 'yan ta'adda ƙofar gidan ubansa ba, kuma waɗanda suka mutu a bama-baman nan su ma 'ya'yan wasu ne.

Uban nake so a duba. Wannan mutum ne da a 1987 ya taka da ƙafa daga Bombay zuwa Amritsar, tafiyar kimanin kilomita 2,000, don neman zaman lafiya a Punjab. Mutumin da ya kafa gidauniyar taimakon masu ciwon daji da sunan matarsa. Rana ɗaya jaridu suka wayi gari suna kiran ɗansa ɗan ta'adda. An ba da belin yaron, aka sake kama shi a 1994, ya shafe sama da shekara a tsare. Uban ya bi lauyoyi, ya bi 'yan jam'iyyarsa ta Congress, abin ya ƙi. Daga ƙarshe ya taka har gidan Bal Thackeray, shugaban jam'iyyar Shiv Sena, abokin hamayyarsa a siyasa, wanda mutanensa ne ake zargi da hura wutar rikicin da shi Sunil ya yi ta kwashe waɗanda ya rutsa da su. Ya je ya nemi alfarma. A Oktoban 1995 aka saki Sanjay a kan beli. Lokacin da na karanta wannan, saurayi nake, abin da na ce a raina shi ne dattijon nan ya zubar da girmansa.

Bayan fitowarsa ya yi fim ɗin da ni a ganina ya fi duk sauran, Vaastav na 1999, wanda ya ba shi kyautar gwarzon jarumi ta Filmfare. Yaron unguwa ne mai sayar da abinci a bakin titi, tsautsayi ya mai da shi ɗan daba, 'yan siyasa suka yi amfani da shi suka yar. A ƙarshe ya dawo gida a firgice, ƙwaya ta gama da shi, uwarsa ta ɗauki bindigar da shi ya koya mata riƙewa ta harbe shi. Ina kallo ina tuna Baba da kekensa. Shekara arba'in da biyu tsakani, abin da aka yi wa uban a fim aka sake yi wa ɗan. Sai 2003 suka fito tare a Munna Bhai M.B.B.S., uba da ɗa a matsayin uba da ɗa, inda dattijon ya gano cewa yaron da yake alfahari da shi a matsayin likita ɗan daba ne. Wannan ce fitowar Sunil Dutt ta ƙarshe. Ya rasu ranar 25 ga Mayu 2005 yana ministan matasa da wasanni. A ƙarshen 2006 kotu ta wanke Sanjay daga tuhumar ta'addanci, ta kama shi da laifin mallakar makami. Uban da ya yi shekara goma sha biyu yana jiran jin wannan kalma bai ji ta ba. Hukuncin kuwa bai tashi a banza ba: Kotun Ƙoli ta tsayar da shi a shekara biyar a 2013, ya koma ya ƙarasa a kurkukun Yerawada da ke Pune yana naɗa jakunkunan takarda, ya fito ranar 25 ga Fabrairu 2016.

To, ga nawa.

Ɗana na fari sunan Baba ya ci, don haka Abba muke ce masa. A shago ya tashi. Tun yana firamare ya fi ni sanin kan kwamfuta, in mai saye ya ce fim kaza wanda jarumin ya yi faɗa a saman jirgin ƙasa, kafin na gama tunani ya nemo shi. Wajen 2017 muka fara ganin canji. Barci ba dare ba rana, magana tana jan ƙafa a bakinsa, kullum da robar lemo a hannu wadda ba ya yarda ƙannensa su kurɓa. Ciniki ya riƙa yin ƙasa alhali mutane ba su ragu ba. Wata rana babbar lasifikar shago ta fara ƙara, na juya ta na kwance bayanta don na duba waya, sai ga kwalaben maganin tari a jere a ciki, duk ba komai, an goge su tas an shirya su kamar kayan sayarwa. Na daɗe a tsugune da sukundireba a hannu.

Da magana ta fita, Yayana ya zo gida bayan la'asar, ko zama bai yi ba. "Yaron da ya buɗe ido cikin kaset ɗin Indiya, me kake jira ya zama? Tun yaushe nake gaya maka ka bar sana'ar nan?" Shawararsa biyu ce: ko a kai shi gidan mari a sa masa sasari har ya dawo hayyacinsa, ko a sallama shi ya bar mana gida kafin ya ɓata sunan Baba da yake ɗauke da shi. A unguwa ma abin da ake faɗa kenan, ɗan mai fim ne. Uwarsa tana bayan labule tana ji. Da ya tafi ta fito ta ce, "Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ita da ko sunansa ba ta faɗa saboda kunyar ɗan fari, ranar ta yi magana.

Zancen cewa fim ne ya lalata shi ban karɓe shi ba, har gobe. A layin da Abba yake sayen kwalba akwai 'ya'yan malamai, akwai 'yan jami'a, akwai matan aure da ke aikowa daga cikin gida. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken da ya nuna yadda kodin ke fita daga kamfanoni ta bayan gida yana shiga kasuwa, washegari gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da sarrafa shi. Mun yi murna, amma a gidana abin da ya biyo baya shi ne kwalba ta yi tsada, yaro ya fara haɗawa da ƙwayoyi, kayan ɗakin uwarsa suka fara ɓacewa. Ba a jima ba aka yi samame a wata matattara aka kwashe su, har da shi.

Aka ce sai an kawo mai tsaya masa, mutum mai gida da takarda da sanayya. Yaya ya ce ba ruwansa. Waɗanda nake zaton za su tashi kowa ya kawo uzuri. Mutum ɗaya ya rage a unguwar da ya cika sharaɗin, wani Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda shekaru da suka wuce shi ya bi gida-gida yana tara sa hannu a rufe mini shago don ina ɓata tarbiyyar yara. Tun daga lokacin ko a masallaci ba ma haɗa sahu kusa da juna. Daren nan ban runtsa ba. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne dattijon Indiyan nan a ƙofar gidan abokin gabarsa, da abin da na faɗa a kansa ina saurayi.

Da aka idar da asuba na bi shi har zaure. Ya zauna kan buzunsa ya ci gaba da jan carbi kamar bai gan ni ba, ni kuma na tsuguna daga bakin ƙofa. Sai da gari ya fara haske ya ɗago.

Na ce, "Alhaji, wajenka na zo."

Ya ce, "Na ji labari." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaron ya ci abinci tun jiya?"

Na ce ban sani ba. Ya leƙa cikin gida ya ce a zuba koko a kwano a naɗe ƙosai, ya shiga ya sako babbar riga ya ɗauko takardunsa. A hanya bai ce mini uffan kan shago ba, ni ma ban tayar ba. Har yau ra'ayinsa kan sana'ata bai canza ba, ya kuma sake gaya mini hakan daga baya ba tare da kwana-kwana ba.

Sunil Dutt yana da kuɗin kai ɗansa Amurka. Ni fuloti ɗaya gare ni a bayan gari, shi na sayar na kai Abba asibitin masu taɓin hankali, wurin da mutanenmu ke jin kunyar a gan su a ƙofarsa. Likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani cewa kodin danginsu ɗaya da hiroyin, jiki ne ke sabawa da shi, in an yanke sai ya nema da ƙarfi, don haka duka da ɗauri ba sa fitar da shi. Na ga hakan da idona. Gumi yana keto masa alhali yana rawar sanyi, hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gudawa, ƙafafu suna yi masa ciwo har yana buga su da ƙarfen gado. Ya riƙe mini riga yana cewa, "Baba, rabin kwalba kawai, wallahi daga ita na daina." Na ce masa a'a, na fita baranda na tsaya inda ba zai gan ni ba.

Yana kwance a can fim ɗin Sanju ya shigo, wanda aka yi kan rayuwar Sanjay Dutt, ya fito a ƙarshen Yunin 2018. Ranbir Kapoor ne ya hau matsayinsa, shi ma ɗan gado, jikan Raj Kapoor wanda suka yi fina-finai da yawa da Nargis. Na rufe shago na kalle shi ni kaɗai. An yi aiki, amma an yi wanki da yawa. An ɗora wa 'yan jarida kusan duk laifin, an kuma share matarsa ta farko, Richa Sharma, wadda ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya kashe a 1996, da 'yar da ta bar masa, kamar ba a taɓa yin su ba. Wanda ya san labarin zai ga gurbin. Duk da haka wuraren uban ban iya kallonsu a zaune ba.

Abba ya fito, ya yi 'yan watanni lafiya, ya koma. Wannan karon uwarsa ce ta gane tun kafin a je ko'ina, daga yadda yake amsa sallama. Muka sake mayar da shi. Likitan bai nuna mamaki ba, ya ce komawa tana cikin ciwon, a ci gaba kawai. A Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Kwana kaɗan bayan nan Yaya ya zo shago, ya zauna kan benci ya yi ta kallon titi, da zai tashi ya ajiye kuɗi kan tebur ya ce a ƙara a na magani.

Yanzu Abba gyaran waya yake yi a kasuwar Farm Centre, hannunsa kuma yana da kyau. Shagona ba zai gada ba, ban ma nema ba, don sana'ar tana mutuwa, kowa da datarsa yana sauke abin da yake so. Shi Sanjay Dutt ya yi fama da ciwon daji na huhu a 2020 ya tashi, ya koma fitowa a mugu, har a fina-finan kudancin Indiya. Yaran yanzu a K.G.F kashi na biyu na 2022 suka san shi, tsoho mai gemu da zane a fuska. Abba ma can ya san shi, ya ce shi bai ga abin da muka gani a mutumin nan ba. Masu zuwa neman tsofaffin finafinansa duk sa'o'ina ne, masu furfura, sukan rage murya in za su faɗi sunan fim ɗin saboda yaran da ke wurin.

Ranar ganin likita har yanzu ni nake kai shi a babur. Watan jiya ya ce, "Baba, ai zan iya zuwa da kaina." Na ce na sani, hau mu tafi kar mu rasa layi.